Karaya Ta Huɗu

Karo na huɗu ke nan mai fenti yana faɗowa daga tsani da gangan, don kawai nas ɗin ɗakin ɗori ta taɓa shi. Hannaye da kafaɗa sun ƙare, yau ƙafa ya kawo mata.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, tsanin nan naka aljanu gare shi ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Sista, ki aure ni. Ƙasusuwana sun kusa ƙarewa."

Ta kama diddigensa ta fizga, ƙashi ya ce ƙaras. Ihunsa sai da ya sa tsohuwar gadon kusa ta yi salati.

"Ka bar wahalar da kanka," in ji ta. "Daga gobe an mayar da ni ɗakin ajiye gawa."

Yana hawaye, ya tuna benen da bai gama fentinsa ba. "Hawa biyar zai isa?"

Ta ɗauke shi da mari, ta ƙara masa da farantin allura a ka.

"Turo iyayenka, shashasha, kafin su kawo mini kai a lulluɓe!"

Ya tofar da haƙori ɗaya, ya yi mata murmushi da sauran.