Badukun da Ya Ɗaure Sunansa

Ajiye wayar nan, Ladidi, ki saurara. Kin ce an kwashi lambobin katin abokiyar aikinki an ci bashi da sunanta, ke kuma wai sai kin samu sarari za ki je banki. Ni ba mai dogon zance ba ne. Ga misali.

A wani gari, masu sana'a ba sa zuwa ɗaukar kaya da kansu. Kowa yana da sakainar da aka zana wa alamarsa. In kana son kaya sai ka ba ɗan aike, ya nuna a rumfa, a ɗora masa, ranar kasuwa ka biya. To, akwai wani maƙeri da wani baduku, bango ɗaya ya raba rumfunansu. Wata safiya masu sayar da ƙarfe suka tsaya a kan maƙerin, wai ya biya kayan da ya aika aka ɗauka. Ya rantse bai aiki kowa ba. Ya zaro sakainarsa daga aljihu, ga ta nan, ba ta taɓa ɓata ba. Ashe wani ne ya ƙare mata kallo, ya je ya zana tasa iri ɗaya. Rantsuwa ba ta yi masa rana ba. Yana ji yana gani aka ɗauke uwar maƙera da zugazugi.

Baduku na ganin haka ya yar da basilla. Ya fizgi kaba, ya zura kasuwa da gudu ƙafa ba takalmi, shi da ke ɗinka wa gari takalma. Ya faɗa rumfar majemi yana haki, ya ƙulla kabar a jikin dirka, ya ce, "Na ɗaure sunana a nan. Ko uwata ce ta zo da sakainata, kada ka ba ta ko wutsiyar fata, sai na zo na kwance da hannuna." Ya yi haka a wajen mai zare, ya yi a wajen mai baban rini, duk inda ake ba shi kaya a kan amana. 'Yan kasuwa suka yi ta dariya, wai ba a taɓa shi ba yana kuka. Kuma abin ya ba shi wahala, ba zan ɓoye miki ba. Duk ran da yake son fata sai ya bar ɗinki ya taka, ya kwance, ya ɗauka, ya sake ƙullawa. Ran nan ya manta ya aiki matarsa, majemi ya koro ta hannu banza. Ya sha faɗa har tuwo ya huce.

Ana gab da Sallah, sai ga wani mutum mai tsabtar riga ya iso rumfar majemi da jaki. Ya miƙa sakaina. Alamar baduku ce sak, har da ɗan tsagin da ke gefe. Ya ce maigidan ya sami babban aiki, a loda masa jar fata duk wadda ke ƙasa. Majemi ya dubi sakaina, ya dubi dirka. Ƙulli na nan daram. Sai ya shimfiɗa masa buzu, ya ce ya zauna ya sha ruwa, an aika a kira mai sunan ya zo ya kwance. Mutumin ya ce bari ya zaga ya dawo. Har yau bai dawo ba, jakin ma a nan ya bar shi! Baduku ya ɗinka takalman Sallarsa da fatar da ya ɗauka da hannunsa. Kafin sati ya zagayo, babu dirka a kasuwar nan da ba ta ɗauke da kaba, kuma masu dariyar nan ne suka fara ƙullawa.

Katinki yana cikin jakarki, na sani. Sakainar maƙeri ma tana cikin aljihunsa. Gobe da safe ki je ki sa a ɗaure sunanki, kada a buɗe wa kowa bashi da shi sai kin je da ƙafarki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.