Tarin Bayan Ginshiƙi

A ganin Isidoor Claerhout, tun da aka kafa birnin Gent ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce shi da hantsin Lahadin nan ba. An yi yaƙe-yaƙe, an sha annoba, amma waɗannan kan kowa suka faɗa. Wannan kuwa shi kaɗai ta samu.

"Tari, Cyriel!" Ya buga teburin mashayar da ke fuskantar zauren kiɗa, baƙar kwat ɗinsa mai jela tana jan ƙasa. "A kafa doka. Duk mai maƙogwaro a tsare shi a bakin ƙofa."

Cyriel mai mashayar ya ci gaba da goge kofi. "Haba maigida, ba kai ke cewa makaɗin gaske ko aradu ba ya ji ba?"

Shi ke cewa kuwa, a kan Remi Standaert. Malami ɗaya ya koya musu piyano suna yara. Remi ya samu manyan zaure da jiragen sama, Isidoor ya samu ɗakunan cin abinci na otal da koyar da 'ya'yan likitoci masu yatsu kamar muciya. Sai dai Remi yana da lago guda da duk gari ya sani. Shekarun nan, duk sanda ya yi kiɗa a Gent, da ya kai wurin da sauti ke sirancewa har ya kusa ɓacewa, sai wani ya yi tari, shi kuma ya daburce. Babu mai kwaikwayon daburcewar nan kamar Isidoor. Har kan kujera yake hawa.

Da safiyar yau Remi ya zame a matakala, wuyan hannunsa ya goce. Madam Vandewalle, shugabar zauren, ta bugo wa Isidoor waya ya zo ya maye gurbinsa. Kiɗan da aka shirya shi za a yi, rediyo na watsawa kai tsaye, in kuma abu ya yi kyau, wasannin hunturu nasa ne. Mutum mai furfura a gefen kunne ba a yi masa irin wannan kira sau biyu.

Isidoor bai zauna ba. Ya kira wanzaminsa, ya kira tela, ya kira wani ɗan jarida da ya taɓa ce masa "makaɗin cokali da faranti". Har tsohuwar matarsa ya kira, don ta kunna rediyo ta ji abin da ta rasa.

Kafin a fara, Madam Vandewalle ta fito ta sanar da canjin, aka rufe ƙofofi. Wanda ya makara sai ya tsaya a waje har kashi na farko ya ƙare, haka ƙa'idar take.

Kashi na farko ya tafi kamar ruwa a kan gilashi. Da ya ɗaga hannu, babu wanda ya tafa, don ba a tafi a tsakiya, amma ya ji zauren ya riƙe numfashi. Aka buɗe ƙofar baya, 'yan makara suka sulalo, aka rufe.

Ya shiga kashi na biyu, mai tafiyar hawainiya. Ya rage sauti, ya ƙara ragewa, har ya kai wurin da hannun dama ke rataye a iska, duniya ta yi tsit.

Sai tari. Busasshe, mai hawa-hawa, wanda ya san inda ya dosa. Daga bayan ginshiƙin hagu ya fito, kujerar nan mai araha da ba a hangen dandamali daga cikinta.

Da wani makaɗin ne, da ya wuce abinsa. Isidoor kuwa ya san akwai na biyu, daidai inda hannu zai sauka. Ya tsaya jiransa. A cikin jiran nan kiɗan da ya haddace tun yana saurayi ya fice masa daga kai. Ya koma baya, ya laluba, ya faɗa wani wuri daban. Na biyun ya zo a kan lokaci. Ya miƙe ya rusuna wa mutanen da suka sunkuyar da kai.

A bayan labule Madam Vandewalle ta miƙa masa lemarsa da kanta. "Mun gode, Malam Claerhout." Ba ta ambaci hunturu ba.

"To wai ka ga mai tarin?" in ji Cyriel.

"Ina zan gani? Ginshiƙi ya tare."

Ya bar giyarsa rabi, ya nufi gidan yayarsa Godelieve, inda yake cin farfesun kaza da dankali kowace Lahadi. Ita ta raine shi, ita ta yi wankau har hannuwanta suka tsage kafin ta saya masa piyanon farko. A matakalar gidan ya sake bin sunayen waɗanda ya kira da safe, tun daga wanzami. Ya daɗe bai ƙwanƙwasa ba.

Ta buɗe da rigar fita a jikinta, fuska cike da fara'a, murya a dishe.

"Auta! Wannan kwalliya fa? Shigo ka sha labari. Yadda ka koya mini na yi, na bari sai da kashi na farko ya ƙare na lallaɓa bayan ginshiƙina, ina sakin tari ɗaya Remin naka ya watse. Amma ka daina ɓata tikitinka a kaina, ƙanina. Yadda mutumin nan ya yi kiɗa yau, ko ban yi tari ba ya gama yawo."