Ni Na Fara Gani

"Ni na fara ganin ciwon nan, kafin kowane likita a Mubi!" Tsohon ya doka sandarsa a gindin gadon jikarsa.

Likita ta ce sunan cutar lupus. Sojojin da ke tsaron jikin yarinyar ne suka juya mata, kuma yawansu a gwajin jini ya nuna abin ya yi tsanani, har ya taɓa ƙoda.

"Ƙarya ne! Kububuwa ta sare ni na tashi, sanƙarau ya kayar da ni na miƙe. Jinina ba ya cin gida!"

"Baba, yaushe jan tabon nan ya fito mata a kumatu?" in ji likitar.

"Tun bara! Kallo ɗaya na gane man bilicin ne. Na tura ta gonar gyaɗa a Mugulbu, rana ta maido mata da fatarta."

"Rana ce ke hura wannan cuta, Baba."

Uwar yarinyar ta saki kumburarriyar ƙafar da take matsawa, ta kafe shi da ido. Tsohon ya sake doka sandar a ƙasa.

"Ni na fara gani, na ce! Mai musu ya fito ya faɗa a gabana!"