Numfashi a Cikin Faifan Baba

Ranar da rediyo ta ce tsohon Baturen nan mai babban goge ya rasu, Baba ya dawo daga ofis a Kazaure, ko hula bai cire ba ya ɗora faifan Baturen a garmaho. Ni kuwa ina 'yar ƙarama lokacin, na kasa zama, ina ta kewaya akwatin garmahon.

"Baba, akwai mutum a ciki! Numfashi yake yi."

"Mai gogen ne. Zauna mana, uwata, kada ki girgiza allurar."

"Ba an ce ya rasu ba?"

"Ya rasu. Wannan ya bar mana."

Baba ma ya daɗe da rasuwa. Har yau nakan sa faifan, ina jin numfashin baƙo, zuciyata tana ta neman na Baba, wanda babu wanda ya ɗauka a faifai.