Ranar da Yaya Bai Kira Ba

Ana ta tafi a zauren taron, ita kuwa Auta hannunta ya ƙi ɗaguwa. Wallahi da ka gan ta sai ka ce ita aka kayar, alhali ita ce lauyar da ta rubuta rabin yarjejeniyar nan.

Ka dai san abin da ya jawo. Wasu 'yan iska suka sa inji ya kwaikwayi muryar wani janar, ya ba da umarnin buɗe wuta a kan iyaka. Kafin a gane ƙarya ce, an binne samari ba adadi. Shi ne ƙasashe suka haɗu suka ce duk injin da ke kwaikwayon muryar mutum a kashe shi, yau ɗin nan, ba gobe ba. Wani wakili ma ya roƙi a bar wa iyalan mamata 'yar ƙofa. Auta ce ta miƙe ta ce a'a, in aka bar ƙofa ɗaya, ta nan za a sake kashe 'ya'yan mutane. Muryarta na rawa, aka ɗauka zafin kishi ne.

Da la'asar ta koma gida. Mama na kujerarta ta bakin taga, waya a cinya, tun safe ta cika ta da caji.

"Lauyar duniya! Na gan ki a talabijin, kin tsuke fuska kamar an taka miki ƙafa. Bari yayanki ya kira in kai ƙararki. Kullum in ya kira kina ƙunshe a ɗaki da kwamfuta, ko gaisawa ba kwa yi."

Yaya soja ne, kullum war haka yake kira. Ya tambayi gwiwar Mama, ya ce ta sha maganinta, ya tsokane ta wai ta fi kwamandansu faɗa. Tsokana ɗaya kullum, ita kuma dariya kullum. Zuwa gida kuwa, "sai wata mai zuwa, Mama." Likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki tashin hankali ba, to kiran nan shi ke riƙe da ita.

Rana ta yi sanyi. Mama ta girgiza wayar, ta kara a kunne.

"Auta, duba min ko sabis ne. Yaron nan bai taɓa makara ba."

Sabis a cike yake. Auta ta shige ɗaki, ta zauna gaban kwamfutar, ko buɗe ta ba ta yi ba. Ta toshe baki da gyale don kar Mama ta ji kukanta.

"Auta! Ke ki kira shi mana!"

To kai, da kai ne, da wane baki za ka gaya wa tsohuwar nan cewa Yaya yana cikin samarin farko da aka binne, wanda ke gaishe ta kullum inji ne da Auta ta ɗora wa muryarsa, kuma ita ɗin ce ta sa aka kashe shi yau?