Kwalin Jarumai

Kwalayen dabino huɗu muke da su, ni da ƙanwata Hafsa, a gidanmu na unguwar Ƙuba, a Madina. Kowane kwali gida ne a makarantar da muka ƙirƙira: na jarumai, na masu ilimi, na masu amana, na masu wayo. Mukan yanko 'yan matan katun daga ledar biskit, mu duba halin kowacce, mu jefa ta gidanta.

Ran nan Baba ya dawo daga gonar Al-Awali tun kafin la'asar, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsugunna kusa da mu, takardar iƙama, ta izinin zama a ƙasar, a hannunsa. Umma ta tsaya bakin ƙofa, ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba.

Ya zaro wata mai takobi daga kwalin jarumai. "Me ya sa wannan take nan?"

Na ce, "Ba ta jin tsoro, Baba. Ko ita kaɗai aka bari ba ta kuka."

"Ɗayyib. To a cikinku wace ce ta wannan kwalin?"

Da safiyar ranar na doki Hafsa, ina neman shiri da ita. Na ce, "Hafsa ce."

Ta yi dariya har da tafi. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya dubi Umma. Umma ta shige ɗaki.

Ban san ɗayarmu kawai zai iya riƙewa a Madina ba, ɗayar kuma Kano za a tura ta, wajen dangin da ba ta taɓa gani ba. Hafsa aka tura, shekararta shida. Har yau idan aka buɗe kwalin dabino kusa da ni, tashi nake yi.