Numfashin Mai Saksafon

"Jibi kawunnaina za su je wajen Babanki neman aurenki," in ji mai saksafon, yana tsaye a bakin ƙofar situdiyo.

Injiniya ba ta ɗago daga na'urar haɗa sauti ba. Shekara uku tana naɗar busarsa, daga waƙar biki zuwa gambara har tallan sabulu, don duk mawaƙin da ke son waƙarsa ta taɓa zuciya shi yake nema. Ba ya kuskure, sai in ya kalle ta ta gilashin ɗakin naɗar sauti. Nan ne numfashinsa ke tsinkewa, ita kuma ta goge wurin tana murmushi.

"Zauna tukuna," ta ce.

Ta kunna sabuwar waƙar soyayya ta wata mawaƙiya, wadda aka naɗa a wani situdiyon. A tsakiyar busarsa, numfashin ya tsinke. Ta maimaita wurin sau uku.

"Wa ke bayan gilashi ranar?"

"Mura nake yi, Injiniya."

"Lallai murar ta iya zaɓen wuri."

Ta tsayar da waƙar.

"Shiga ka busa min," ta ce. "In numfashinka ya tsinke, ka turo kawunnan naka."

Ya shiga, ya kafe ta da ido ta gilashi, ya busa daga farko har ƙarshe, tas, ko gargada babu.

Ta kashe jar fitilar naɗar sauti.

"Madalla. Yau ba abin gogewa. Ka ce wa su Kawu kada su wahalar da kansu."